Ranar da 'Yan Bindiga Suka Yi Gadin Daddawata

Tun kafin wani abu ya same ni, abin da ke hana ni sakewa shi ne kada wata rana a ce na san su. A wajenmu, tsakanin Ruma da bakin daji, ta hanya biyu mutum ke shiga uku: ko mutanen daji su san ka, ko mutanen gari su ce ka san mutanen daji. Mai daddawa kuma ba ta da wurin ɓuya, don duk mai shan miya abokin cinikinta ne, kuma ban taɓa jin an ce ɓarawo ya daina shan miya ba. Mace za ta yi sallama ta miƙo ƙwarya, ba zan ce mata miyar wa za ki kaɗa ba. Sai in zuba mata, in koma ɗaki da Ummi goye a bayana ina ta saƙe-saƙe, ina tuna ko na taɓa ganin wannan fuskar.

Sunana Uwani. Ni ba tsohuwa ba ce, amma na daɗe a cikin kalwa. 'Yan matan unguwar da muke zaune yanzu a Batsari sukan toshe hanci in sun wuce ƙofata, har na ji wata tana cewa ina abin wahala a nan, ai dafa kalwa ne kawai a bar ta ta ruɓe. To saboda ita da irinta nake wannan rubutun.

Aikin farko da aka ba ni tsintar tsakuwa ne. Ina da shekara tara aka kai ni wurin Gwoggo Tabawa, ƙanwar babana, a wani ƙauye ta wajen Safana. Ta zube mini kalwa, wato ƙwallon ɗorawa, a faifai, ta ce duk tsakuwar da ta tsere mini haƙorin wani za ta fasa, kuma sunanta za a kira ba nawa ba. Sai da na yi damina guda ina tsinta kafin ta bar ni in taɓa wuta. Wutar kuma ba irin ta tuwo ba ce. Ƙatuwar tukunyar ƙasa ake ɗorawa tun hantsi, a yi ta tura itace ana ƙara ruwa har wata safiyar, don kalwa ta fi dutse taurin kai. In ta yi laushi a juye a turmi da toka a surfa a hankali, ɓawon ya saki amma ƙwayar kada ta farfashe. Daga nan sai rafi. Ki tsaya cikin ruwa da kwando kina murzawa, baƙin ɓawo na tafiya, har tafin hannunki ya yi fari ya tattare. A dawo a sake dafawa da 'yar kanwa. Duk wannan ba a fara daddawa ba tukuna.

Daddawa a wurin rufi take. Tana tururi za ki juye ta a kwandon da kika shimfiɗa wa ganye, ki barbaɗa toka, ki rufe da buhu, ki bi da tsummoki, ki ɗaure da tsohon zane, ki aza dutse, ki ja ƙofar ɗaki. Kwana uku. Ba a leƙawa. Zafin da ta shiga da shi shi ne ke nunar da ita, in iska ta shiga ya fita, shi ke nan ta yi fushi. Wani lokaci a lallashe ta da ƙarin kwana, wani lokaci ko akuya ba za ta kalle ta ba. Ni na taɓa leƙawa, ina 'yar shekara goma, gefe ɗaya kawai na ɗaga. Washegari Gwoggo ta tsaya daga bakin ƙofa ta ja iska da hanci, ko shiga ba ta yi ba, ta ce, "Wa ya leƙa?" Da wannan kwandon aka yi mini miya ni kaɗai har sati ya zagayo. Ku wari ɗaya kuke ji. Mu uku muka sani: na wadda ke tahowa, na wadda ta nuna, da na wadda aka cuta.

A wurin Gwoggo na ji tarihin ɓarayin ƙasarmu, don ita da ɗorawa take auna su. Ta ce a ƙuruciyarsu akwai wani shahararre da ake kira Na-Santsi, wanda ke shafe jikinsa da man gyaɗa ya shigo daga shi sai gajeren wando, in an cafke shi ya sulɓe. Babbar satar da ya taɓa yi akuya ce mai ciki, kuma in ya ɗauki tukunyar miya yakan dawo da tukunyar ya ajiye a bayan danga. A lokacin mata na shiga har tsakiyar daji su ɗebo ɗorawa, birai kawai suke tsoro. Sai aka yi 'yan kwanta-kwanta masu tare hanyar Katsina ranar kasuwa. Su ma ba ruwansu da ɗorawa. Sai satar shanu ta zo, kuma waɗanda ta fara ci su ne mutanen ruga masu kawo mana nono mu ba su daddawa. Daga nan ne mata suka daina wuce rafi. Aka kafa 'yan sa-kai, aka kashe, aka rama, aka sake ramawa, kowa na cewa wancan ne ya fara. Da aka koma satar mutane kuwa, sai ga itacen ɗorawa kina hangensa daga ƙofar gida ya yi nauyi da 'ya'ya, amma na birai ne. Gwoggo takan ce da Na-Santsi zai dawo, ita da kanta za ta saya masa man shafawa.

Kwandon da ba na mantawa shi ne na muguwar shekara. Na yi aure a ƙauyen maigidana, ina da cikin Ummi, na rufe kalwa da kwana ɗaya aka shigo da rana tsaka aka ƙone rumbuna. Muka gudu muka zauna a wata makaranta a Batsari, gida shida a aji ɗaya. Da muka koma bayan sati uku, an ɓalle kowace ƙofa, an kwashe har tabarma da ludayi, amma ɗakin daddawata ko ƙyauren ba a taɓa ba. Daga bakin zaure za ki gane dalili. Maƙwabcinmu da aka kwashe wa buhunan wake ya tsaya ya toshe hanci yana cewa da ya sani da nan ya kawo ajiya. A shekarar Gwoggo ta rasu. Ba harsashi ba ne, zama ne babu wuta babu turmi. Ni kuma na koma yin daddawar waken suya, wadda ba ta da wahala kuma ba ta da daɗi, masu saye suna ta yi mini ƙorafi kamar ni na hana shiga daji.

Wanda ya hana shiga dajin shi ne Kacalla Tsinke. Babu wanda na sani da ya taɓa ganinsa, amma kowa ya san kamanninsa. Wasu su ce dogo ne har sai ya duƙa zai shiga zaure, wasu su ce gajere ne mai ido ɗaya. An ce harsashi na zama ruwa a jikinsa, an ce yana rikiɗa ya koma kyanwa, har aka yi wata guda ana gaishe da kyanwar gidan liman. Abin da muka tabbatar kawai shi ne in ya ce a yi noma a yi, in ya ce kada a girbe, gero ya bushe a tsaye.

Sai aka yi sulhu da bazara. Muka samu muka ɗebo ɗorawa, na tara kalwa ta gaske bayan shekara biyu. Da kaka, wata Laraba, na rufe kwando da sassafe, da la'asar sai ga maigidana ya shigo da mai unguwa har tsakar gida. Mai unguwa bai taɓa taka gidanmu ba. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa yana kallon ɗakin daddawa.

Ya ce, "Ɗiyata, an yi wa Kacalla haihuwa, Lahadi suna. Mahaifiyarsa ta ce ba za a kaɗa miya da kowace daddawa ba sai ta hannun Tabawa. Wai tun suna 'yan mata suke musaya. An gaya mata Tabawa ta rasu, ta ce to wa ta koya wa. Asabar da safe za a zo karɓa."

Na ce, "Baba, in na ba su, gobe a ce ni ke ciyar da su."

Ya ce, "Wa zai ce? Gari ne ya roƙe ki. Geron kowa na tsaye a gona, sati biyu ya rage a fara girbi. Ni ne shaidarki."

Na lissafa da yatsu, Laraba zuwa Asabar kwana uku cif. Na ce za ta nuna, in dai an ƙyale ta.

Ban taɓa sanin mazan garinmu sun san daddawa ba sai ranar. Mutanen da in an ce su miƙo gishiri suke miƙo kanwa, kowa ya zo da shawara. Mai gyaran babur ya ce a kunna injin kusa da kwandon don ɗumi. Wani ya ce a ɗora mata bargo biyar. Ladan ya kawo rubutu a kwalba ya ce a yayyafa a ciki, na ce a yayyafa a ƙofa. Duk wanda ya gamu da maigidana sai ya ce, "Ya mai jiki?" kuma ba ni ake nufi ba.

Ranar Alhamis na tafi rijiya, ban fi rabin sa'a ba. Ina dawowa na ga ɗaurin zanen ba nawa ba ne. Ɗaurin bakin buhu ne, irin na maza, kuma dutsen an kife shi ta ɗaya gefen. Na ajiye tulu na kalli maigidana. Shi kuma ya ga wani abu mai muhimmanci a jikin igiyar akuya.

Na ce, "Baban Ummi, wa ya leƙa?"

Ya ce, "Ai ba leƙawa ba ce sosai. Mai unguwa ne ya ce hankalinsa bai kwanta ba. Ni ƙofa kawai na riƙe masa."

"Ya buɗe?"

"Kaɗan. Yatsa ɗaya ya sa. Ya ce ma da saura."

Na sa hannu a jikin kwandon, ya huce kamar tuwon jiya. Na ɗebo toka mai zafi na shimfiɗa a ƙarƙashi, na ƙara tsumma har da zanen goyon Ummi, amma na san ko ta haƙura sai Lahadi, in kuma ba ta haƙura ba, sai dai mu fara ɗaure kaya.

Asabar da hantsi muka ji babur. Kafin ya tsaya garin ya yi tsit, masu shawara duk ƙasa ta haɗiye su, mai unguwa an ce ya tafi gaisuwar rasuwa a Wagini, ko da yake an ga takalminsa a ƙofar ɗakinsa. Mutum biyu ne da bindigogi, wani dattijo mai furfura a gemu da wani dogo mai rawani. Maigidana ya tare su a zaure yana ta yi musu sannu da zuwa, ya yi ta kusan sau bakwai bai iya wuce nan ba. Dole na fito na tsaya a bayan ƙyaure na ce ba ta nuna ba.

Dogon ya hau kan katangarmu don neman sabis, ya buga waya, ya ƙara murya ya miƙo mini ita daga can sama. Sai na ji wata 'yar siririyar murya, irin ta mai mura.

"Ke, kin san da wa kike magana?"

Ni kuma in na tsorata surutu ke kama ni. Na ce na sani ranka ya daɗe, Allah ya raya jariri, na shiga yi masa bayani tun daga tsintar tsakuwa. Na kai wurin surfe ke nan ya ce shi bai tambaye ni wannan ba, ya ce in ba a kawo yau ba kada wanda ya taɓa zangarniya ɗaya. Sai na ji wata murya daga bayansa, ta tsohuwa, ta ce, "Iro, miƙo nan."

Ta ce, "Ɗiyar Tabawa ce?"

Na ce, "Ni ce, Inna. Ina kwana, ina gajiya."

"Da toka kika rufe ko da gari?"

"Da toka."

"Hannun Tabawa ke nan. Yaushe?"

"Laraba da sassafe."

Sai ta ce, "To ai ya kamata ta nuna. An leƙa ko?"

Na ce an leƙa. Ta ce namiji ne. Ba tambaya ta yi ba. Na ce namiji ne, Inna. Ta yi tsaki mai tsawo, ta yi wata magana da Fulatanci da ban ji ba amma dattijon ya sunkuyar da kai.

Ta ce, "A ƙara mata kwana. Suna da safe ake raɗawa, miya sai azahar. Su biyun nan su zauna a ƙofar ɗakin, duk namijin da ya matso, ko mijinta ne, su kore shi."

Na ji siririyar muryar ta ce, "Inna, aiki gare su."

Ta ce, "Wane aiki? Wannan abin da kuke yi aiki ne? Yau dai su yi mai amfani."

Na so in ce a bar shi, ni zan yi gadin abina, amma wayar ta katse. Haka suka kife turmina biyu suka zauna a ƙofar ɗakin daddawa, bindiga a cinya, garin kuma gaba ɗaya yana leƙe ta kafar danga. Ina kallon idanuwa jere, ina cewa a raina shi ke nan, abin da nake gudu ya zo har tsakar gida ya zauna a kan turmi. Maigidana ya zo ɗaukar butarsa, dogon ya ce masa ya tsaya nan. Ya ce gidansa ne. Aka ce an sani. A masallaci ya kwana.

Wajen la'asar daddawar ta fara haƙura, warin mai tahowa ya soma fitowa ta ƙasan ƙofa. Dattijon ya lumshe ido ya ce rabonsa da wannan ƙamshin tun suna da shanu nasu na kansu, uwarsa na da rai. Dogon kuwa ya naɗe hancinsa da rawani ninki uku, idonsa na ruwa, ya tambaye ni ko haka za a yi har gobe. Na ce ai yanzu ta fara. Ya ce ya kwana a kogon dutse da jemagu, ya kwana kusa da mushen raƙumi, bai taɓa neman a canje shi ba sai yau. Kaza ta nufi ƙofar, ya daka mata tsawa. Dattijon ya ce, "Mace ce, bar ta."

Lahadi da safe na ɗaga dutse na kwance zane. Ta yi baƙi, ta yi yauƙi, in kin ɗebo sai zare ya biyo hannunki. Na kirɓa ta ɗanya na cika bokiti, dattijon ya rungume, dogon ya ja babur yana kawar da kai. Sun ajiye mini ƙwaryar man shanu wai daga Inna. Ban san saniyar wa aka tatsa ba, don haka na aika wa mai unguwa, wanda ya dawo daga Wagini daidai lokacin da ƙurar babur ta kwanta. Bai mayar ba. Aka yi girbi lafiya.

Sulhun bai kai wata daminar ba. Aka sake shigowa, muka taso Batsari gaba ɗaya. Ba mu yi wata biyu ba aka aiko 'yan sa-kai na nemana. Wani ya kai musu labari cewa akwai matar da yaran Tsinke suka yi wa gadin gida kwana guda. Na san matan da aka kira irin wannan kiran, na kuma san yadda wasu suka ƙare. Na goya Ummi na ɗaure tam, na ce wa maigidana ya je ya taho da mai unguwa shaidata ko wanka yake yi.

A gindin bishiya aka zauna, mutane sun kewaye, tsofaffin mata na daga baya. Shugabansu ya ajiye bindigar toka a gefe ya ce, "Gaskiya ne sun yi gadi a gidanki?"

Na ce gaskiya ne.

"Me suke gadi? Makamai? Mutanen da aka sato?"

"Daddawa."

Wasu suka yi dariya, shi bai yi ba. Ya ce in daina raina masa hankali, wa zai saci daddawa. Na ce ba sata ake tsoro ba, leƙe ake tsoro, ga kuma mai unguwa nan a tambaye shi, shi ya fara buɗe ta. Mai unguwa ya gyara babbar riga ya fara tun daga yadda aka ƙulla sulhu, da irin wahalar da shugabanni ke sha, da muhimmancin gero. Ya yi ta kewaye yana tsallake ranar Alhamis. Ni kuma na san in bai faɗa ba, babu abin da zai sa a yarda 'yan bindiga sun kwana a gidana a kan miya.

Shugaban ya katse shi ya ce, "Ranka ya daɗe, ta ce kai ka buɗe. Ka buɗe ko ba ka buɗe ba?"

Mai unguwa ya kalli sama, ya kalli ƙasa, ya kalli Ummi da ke leƙo shi ta kafaɗata. Ya ce, "Na ɗan leƙa."

Daga baya wata tsohuwa ta ce, "Kwana nawa da rufewa?"

"Ɗaya."

Sai matan suka ɗauki salati kamar an yi rasuwa. Wata ta ce dattijo da rawaninsa a ɗakin daddawar matar aure. Wata ta ce ta ji har da yatsa. Ya ce ɗaya ne. Ta ce da goma ka sa ai da garin aka ƙone. Shugaban 'yan sa-kai ya yi ta bubbuga ƙasa a yi shiru, babu mai jin sa, shari'a ta bar kaina ta koma kan mai unguwa. Can ya ɗago mini hannu ya ce in tafi, kuma in na yi sabuwa a kai wa gidansa, ta kalwa ba ta suya ba.

Tsinke an ce an kashe shi, sau uku ke nan ana faɗa, ni dai ban sani ba. Abin da na sani shi ne an wanke ni a gindin bishiya, amma a kasuwa har yau in baƙo ya tambayi mai kyau sai a nuna masa rumfata a ce ga daddawar Kacalla can. Masu faɗa wasa suke yi, wasu ma gani suke talla suke mini. Amma ba kowa ne ya zauna a gindin bishiyar nan ba, kuma Ummi ta fara magana, duk abin da ta ji maimaitawa take. Don Allah ku daina. In kun zo saye ku ce Uwani mai daddawa, za a nuna muku.